Inda Ƙiftawar Ido Ta Yi Tsawo

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta aza tukunyar shinkafa sai ta zauna bakin ɗaki da faifai bisa cinya. Ta baza kwano guda, ta riƙa turo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan daga wancan gefe zuwa wannan, idonta na biye da yatsanta. Baƙar ƙwaya, tsakuwa, shansherar da inji bai ɓare ba, duk ta tsame ta watsa wa kaji. In ta ƙare ta kai ga ƙwarya ta rege. Tun ina yaro nake kallon wannan aiki, kuma ban taɓa ganin ta kai yatsa ga baƙa ta ɗauko fara ba. Dalilin a fili yake: shinkafar na kwance tana jiranta. Abin da ido ya gani yana nan inda yake har hannu ya iso.

To ka ɗauke wannan jiran. Ka ce shinkafar zubowa take yi daga sama kamar ruwan indararo ranar da aka yi mamako, kuma ana son a tsame baƙaƙen a cikin iska, kafin su kai ƙasa, ba tare da an taɓa na kirki ba. Akwai injin da wannan ne aikinsa, kuma akwai mutanen da suka iya saita shi. Ɗaya daga cikinsu na samu a wani injin casar shinkafa a gefen birnin Sakkwato, saurayi ne da leburori ke kira Injiniya, na wuni ina kallonsa, na dawo gida da girmama sana'ar da a da ban san tana da suna ba.

Injin ya shigo mana ne tare da sauyin da shinkafar gida ta samu. Daga lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Kabi cikin 2015, aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu cikin 2017, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 har sai da aka sake buɗe ta Illela a Disambar 2020, shinkafar fadamun Rima, ta Goronyo da Wurno da Kware, ta sami kasuwar da ba ta taɓa samu ba. Amma uwargidan da ta saba da 'yar waje ba za ta koma ga faifai ba. Tsakuwa akwai injin da ke cire ta ta hanyar nauyi. Baƙar ƙwaya kuwa, wadda ƙwaro ya tsotsa tun a gona ko danshi ya ɓata, ta kuma ƙara duhu da aka turara, nauyinta da girmanta ɗaya da na lafiyayya. Launi kaɗai ya raba su, don haka sai abin da ke da ido. 'Yan kasuwar riɗi da shinkafa na kiran injin da sunan Sortex, kamfanin da ya fara a Landan cikin 1947 wanda daga baya Bühler na ƙasar Suwizalan ya saye, ko da wanda ke gabansu daga birnin Hefei na ƙasar Sin ya fito, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakinmu.

In ka tsaya gabansa, akwati ne na ƙarfe wanda ya fi mutum tsayi. A sama akwai faranti mai karkarwa da ke zazzago shinkafa a hankali cikin indararon ƙarfe mai santsi, a karkace. Ƙwayoyin na gangarowa suna ƙara gudu suna warwatsuwa, har su fita daga bakin indararon su shiga sarari. A wannan sararin ne komai ke faruwa. Fitilu na haska su gaba da baya. Kyamara na kallonsu gaba da baya. Bayan ƙwayoyin akwai wani allo da ake daidaita haskensa da na lafiyayyar shinkafa, ta yadda ta kirki za ta saje ta ɓace wa kyamara, mai duhu kuwa ta fito ɓaro-ɓaro. Ƙasa kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, akwai jerin ƙananan ƙofofin iska, sau da yawa 64 ga kowane indararo, kowace da bawul nata. Wadda baƙar ƙwaya ta zo saitinta sai ta yi tsartuwar iska sau ɗaya, fit, ta ture ƙwayar ta faɗa wani aljihu dabam. Ƙarar da kake ji a ɗakin, kamar ana tuyar gurguru a babban kasko, ƙarar waɗannan ƙofofin ce.

Da na ce masa abin mamaki shi ne injin na gani, sai ya girgiza kai.

"Malam, gani ba shi da wuya. Wayar da ke aljihunka ma tana gani. Wanga aiki duk ga lokaci yake. Ka gane ta nan, ka hura mata iska can, kuma tana tafiya."

Mu yi lissafin tare, domin a cikinsa ne girman abin yake. Ƙwayar shinkafar da aka case, dubu ɗaya na auna kimanin giram 20. Ke nan buhu mai kilo 50 na ɗauke da ƙwaya wajen miliyan biyu da rabi. Injin da ke tace tan 5 a awa, ƙwaya kusan 70,000 ke wucewa gaban idonsa a kowace daƙiƙa. A bakin indararo gudun ƙwaya na kaiwa kimanin mita 4 a daƙiƙa. In muka raba daƙiƙa gida dubu, muka kira kowane gida milisakan, ƙwayar na cin milimita 4 a kowane milisakan. Mu ɗauka tsakanin inda kyamara ke kallo da ƙofar iska santimita 4 ne: milisakan 10 ke nan tsakanin gani da hurawa. Tsawon ƙwayar kanta bai wuce milimita 7 ba, don haka cikin ƙasa da milisakan 2 ta gifta ƙofar ta wuce. Ƙiftawar ido, wadda muke buga misali da ita wajen sauri, takan ci milisakan 100 ko fiye. Kafin fatar idonka ta sauka ta tashi, ƙwayar ta yi tafiyar kusan kamu guda. A wannan ɗaki ƙiftawar ido dogon zango ce.

Yanzu ka ce an yi kuskuren milisakan 2 kacal wajen saita jinkirin. Iskar ta kauce da milimita 8, fiye da tsawon ƙwaya. Baƙar ta shige cikin buhu lafiya lau, wadda ke biye da ita, fara tas, ita ta sha tsartuwar. Injin bai tsaya ba, ƙara na tashi kamar kullum, allon kwamfutarsa na nuna yana aiki, mai masana'anta kuwa yana zubar da shinkafarsa mai kyau yana sayar da marar kyau.

Kyamarar irin wannan inji ba ta ɗaukar hoto mai kusurwa huɗu irin na waya. Layi ɗaya siriri take gani, a gicciye, kamar ka leƙa titi ta tsagar ƙyaure. Tana ɗaukar layin, ta sake, ta sake, ƙwayar na wucewa, a jera layukan su ba da surarta. In ana son kowane layi ya ci kashi ɗaya cikin biyar na milimita, a wannan gudu sai ta ɗauki layi 20,000 a daƙiƙa. Idon da ke cikinta jikan wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙira ne a ɗakin bincike na Bell a Amurka cikin 1969, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2009. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗannan layukan su ne agogon injin. Ba ya cewa "jira milisakan 10". Cewa yake: ƙofa ta 37, bayan layi 200, buɗe. Yana rubuta wannan a jerin gwano, yana ci gaba da kallo, yana ƙara wasu umarnin a bayansa, ɗaruruwa a lokaci guda, kowane da ƙofarsa da adadinsa, kowane layi ya shigo a rage ɗaya. Wanda ya kai sifiri ya tashi.

Masu wannan fanni suna da kalma ga siginar da ke cewa "yanzu", kuma Hausa na da ita tun zamanin bindigar toka: kunama. Maharbi na iya ɗura albarushi ya auna tun safe, amma babu abin da zai faru sai ya taɓa kunama. Kunamar inji sigina ce mai hali biyu kawai, akwai wuta ko babu, kuma abin da na'ura ke saurare shi ne gaɓar da ta tashi daga babu zuwa akwai. Wannan gaɓar, wadda ba ta da faɗi, ita ce mafarin ƙirga.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma doki ne ya haife ta. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ya ga sukuwa, amma ido ba ya iya tantance ko akwai lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa gaba ɗaya. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, wani mai hoto Eadweard Muybridge ya warware wannan gardama ga attajiri Leland Stanford. Ya jera kyamarori 12 a gefen filin, ya gitta wayoyi a hanya, kowace tana haɗe da marfin kyamara ɗaya. Ba shi ya danna ba, domin ya san yatsan mutum ba zai cim ma doki ba. Wucewar dokin ce ta ɗana kowace kyamara. Hotunan suka nuna ƙafafu huɗun a sama, a tattare ƙarƙashin ciki. Har yau ƙa'idar ba ta sauya ba: abin da ake son gani shi za a bari ya faɗi lokacin da za a gan shi.

Na tambayi Injiniya me ya sa ba a haɗa kyamarar da kwamfuta irin ta ofis, tunda tana da sauri. Ya ce sauri ba shi ne abin nema ba, sai ya kawo mini misalin da ya zauna mini daram. Lugude. Mata uku a turmi ɗaya, taɓarya uku, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, har da tafi a tsakani. Wadda taɓaryarta ta fi nauyi ba ta ɓata lugude, domin ta san nauyin, takan ɗaga da wuri kaɗan, kullum daidai gwargwado. Mai ɓata shi ita ce wadda hannunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu ta riga, anjima ta makara. Ita ce ke sa taɓare su gwabza.

Haka yake ga na'ura. Jinkirin da aka sani, wanda ba ya sauyawa, ba matsala ba ne. Bawul na buƙatar ɗan lokaci daga isowar wuta zuwa buɗewa, iska na buƙatar ɗan lokaci daga bawul zuwa ƙwaya. A auna su, a cire daga lissafi, a aika umarni da wuri. Abin tsoro shi ne jinkiri mai tangal-tangal. Kwamfutar ofis tana hidimar abubuwa da yawa a lokaci guda, tana iya amsa maka cikin milisakan 1 yanzu, anjima ta ɗauki 15 don wani aiki ya shiga gabanka. Mai rubuta wasiƙa ba zai lura ba. Ƙwayar shinkafa kuwa ta riga ta kai ƙasa. Shi ya sa ake ba da wannan ƙirga ga wani guntu na musamman, irin wanda kamfanin Xilinx ya fara fitarwa a 1985, wanda ake tsara hanyoyin cikinsa su yi aiki ɗaya tak, da adadin taki iri ɗaya kowane karo. Takin kuma daga ƙanƙanen dutsen kwaz yake fitowa, ɗan'uwan wanda ke cikin agogon hannu yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, sai dai na injin yana yi sau miliyoyi. Allon da Injiniya ke taɓawa kwamfuta ce, amma ita saƙo kawai take kaiwa. Ba a bar mata kunama ba.

Bayan jinkiri akwai tsawon hurawa, kuma a nan ne na ga hannun gwani. In ƙofar ta daɗe a buɗe, baƙar za ta fita tabbas, amma da maƙwabtanta biyar ko goma. In ta yi gajarta, iskar ta shafi gefen ƙwayar ta juya ta kawai, ta faɗa cikin na kirki. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace shinkafa. Doguwa siririya dabam, gajera mai ƙiba dabam, tsaki dabam, domin nauyinsu da yadda suke zamewa ba ɗaya ba ne. Littafin da ya zo da injin ya ba da wurin farawa. Sauran yana tafin hannu.

Ga yadda yake yi. Ya sa ɗan kwano ƙarƙashin aljihun da ake zubar da marar kyau, ya ɗebo, ya baza a tafinsa, ya riƙa turawa da yatsa, sak yadda Inna ke yi. Yana ƙirga farare nawa suka biyo kowace baƙa. Sannan ya ɗebo daga wajen mai kyau, ya nemi baƙaƙen da suka tsere. Daga waɗannan ƙirge biyu yake karanta abin da ido ba ya gani. Farare sun yi yawa a shara amma mai kyau ta fita tas: hurawa ta yi tsawo, ko an tsananta wa ido. Farare da yawa a shara kuma baƙaƙe na nan a mai kyau: saitin lokaci ya kauce, iska na bugun wadda ba ta yi laifi ba. Ya matsa jinkirin taki ɗaya, ya jira, ya sake ɗiba. Ya matsa, ya sake. Bai taɓa sauya abu biyu a lokaci ɗaya ba, kuma da yaronsa ya miƙa hannu zai ƙara ƙarfin iska alhali ana cikin gwada jinkiri, sai ya riƙe masa hannu.

"Bari. In ka taɓa biyu ta gyaru, wanne ya gyara ta?"

"Ban sani ba, Oga."

"To gobe in ta ɓaci ba ka san inda za ka koma ba."

Abin da aka ture ba a zubar da shi nan take. Ana mayar da shi ta wani indararon a sake tacewa a hankali, a ceto fararen da suka bi ayari. Amma kowace ƙwayar da aka ceto ta ci wuta da iska sau biyu, don haka gwanin mai saiti shi ne wanda shararsa ta farko ta fi baƙi.

Da saitin zai tsaya inda aka bar shi, da sana'ar ta ƙare ranar da aka kafa inji. Ƙasarmu ba ta barinsa. Jan ƙasa da ke sauko da ƙwayar ba ya sauyawa, amma santsin indararo na sauyawa. Dusar shinkafa na da maiƙo. Da sanyin asubahin hunturu takan daskare a jikin ƙarfen ta rage wa ƙwaya gudu, shi ya sa ake sa wa indararon abin ɗumamawa a bayansa. Ƙurar hunturu na kwanciya a gilashin da kyamara ke leƙowa ta cikinsa, kuma ko da yake akwai magogi da ke wucewa lokaci-lokaci yana sharewa, a Janairun Sakkwato sai an rage tazarar sharar. Da damina iskar da kwamfureso ke matsawa na tara ruwa, in na'urar busarwa ta gaza ruwan ya kai ga bawul, ya sa shi nauyin buɗewa, wannan ƙofa ta makara waccan ba ta makara ba. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akwatin lantarkin ne ke neman iska. Kowane yanayi da irin ƙaryar da yake sa injin ya yi. Akwai gwajin da yake yi kowace safiya kafin a saki shinkafa: ya sa ƙofofin su tsarta ɗaya bayan ɗaya, daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ya kara kunne. Wadda muryarta ta dushe ya san ta.

Shinkafa faɗowa take, amma yawancin kayan masana'anta a bel suke tafiya: kwalaben lemo, katan-katan, buhunan siminti irin waɗanda ake lodi a Kalambaina, inda kamfanin simintin Arewa ya fara aiki tun 1967. A bel dabarar ta ɗan bambanta. Ana kafa ƙaramar sensa da ke harba haske a gicciye. Kaya ya zo ya tare hasken, sigina ta tashi, kyamara ta ɗauka. Ta duba ko murfi ya zauna, ko kwanan wata ya bugu, ko buhu ya yage. In da aibi, can gaba akwai hannun ƙarfe da zai ture shi gefe.

A nan ya ba ni labarin wani aiki da aka kira shi a wata masana'anta. Da wutar gari komai lafiya. Da an koma janareta sai hannun ya riƙa ture kwalba mai kyau yana barin marar murfi. An sauya kyamara, an zargi sensa, an zargi ma'aikata. Ya tsaya ya kalli bel ɗin, ya kalli mitar janareta. Wutar Najeriya na kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma gudun irin motar da ke jan bel ya dogara ne ga wannan adadi. Janaretan da kaya suka yi masa yawa yakan sauka, a ce zuwa 48. Bel ya rage gudu da kashi 4 cikin 100. Wanda ya kafa layin ya saita hannun da agogo: daƙiƙa 2 bayan hoto, ture, domin tazarar mita 2 ce a gudun mita 1 a daƙiƙa. Yanzu cikin daƙiƙa 2 kwalbar ta ci mita 1 da santimita 92 ne kawai. Saura santimita 8, fiye da faɗin kwalba. Hannun ya fito kan lokacinsa, ya sami ta gaba.

Maganin shi ne a daina tambayar agogo, a tambayi bel. Akwai wata 'yar na'ura, enkoda, mai ƙaramar taya da ke gogar bel tana juyawa tare da shi, tana fitar da bugu a kowane ɗan motsi. In kewayen tayar santimita 20 ne kuma tana ba da bugu 1,000 a zagaye, mita 2 bugu 10,000 ne, ko bel na gudu, ko yana rarrafe, ko ya tsaya an ɗauke wuta an dawo. Marar murfi za ta iso gaban hannun a bugu na 10,000. Na daɗe ina juya wannan a raina. Wanda ya zana layin a ƙasar da wuta ba ta rawa bai yi kuskure a wurinsa ba. Sai wanda ya san muryar janareta in ya ɗauki kaya ne zai gane cewa a nan nisa ya fi lokaci amana.

Sauran dabarun na bel zan taƙaita su. Kayan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa, in idon kyamara ya zauna a buɗe milisakan 1, hoton ya jirwaye da milimita guda, ƙananan rubutu sun cakuɗe. Sai a rage buɗewar sau goma, a biya hasken da aka rasa da fitila mai walƙiya, irin wadda Harold Edgerton ya inganta a jami'ar MIT tun shekarun 1930 har ya ɗauki harsashi yana ratsa tuffa. Amma dole walƙiyar ta faɗo cikin ɗan tsakanin da idon ke buɗe, don haka kyamarar ce ke ba fitila kunama. Fitilar silin ba ta da amfani a nan, domin da wutar gari haskenta na rawa sau 100 a daƙiƙa, hoto ɗaya ya yi haske na biye ya yi duhu. Inda kyamarori da yawa ke kallon abu guda, sigina ɗaya ake raba musu, kamar bindigar da ake bugawa a Argungu masunta dubbai su faɗa kogin Matan Fada tare. In sun yi nisa da juna, akwai ƙa'idar daidaita agogo ta hanyar waya, IEEE 1588, da aka fitar a 2002, wadda ke iya haɗa su har bambancinsu ya gaza kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Akwai kuma kunamar ƙarya, wadda ya ce ita ta fi cin ran mai gyara, domin ba ta zuwa lokacin da kake tsaye. Mai walda ya kunna injinsa a bayan bango, ko babbar mota ta tashi, wayar sigina da aka shimfiɗa kusa da wayar wuta ta tsinci ƙara, kyamara ta ɗauki hoton bel babu kowa. Ko ɓawon buntu ya gifta hasken sensa. Don haka ake aika sigina da bolt 24 maimakon 5, a sa waya mai sulke a raba mata hanya da ta wuta, a ratsa da ita ta wani ɗan guntu da ke mayar da ita haske sannan ya mayar da ita wuta don ƙazantar waje kada ta tsallaka, a kuma gaya wa na'ura kada ta yarda da siginar da ba ta zauna na ɗan lokaci ba. Wannan ɗan lokacin ma jinkiri ne, sai an sa shi a lissafi.

Ina da ƙorafi ɗaya, kuma a kanmu yake. In aka buɗe masana'anta, hoton mai kuɗin da mai yanka ƙyalle muke gani. In inji ya rikice, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a kira wani daga waje, a biya masa jirgi da masauki, alhali sau da yawa abin da ya ɓaci milisakan biyu ne da ruwa a bututu. Wannan saurayi ya yi karatun lantarki, amma saiti a gindin inji ya koye shi, da kwano da tafin hannu da littafin da yake rubuta kowace lamba da ranarta da irin shinkafar. Na duba littafin: shafi bayan shafi, har da yanayin gari a gefe. Ɗaliban lantarki na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna zana sigina mai hawa da sauka a allo. Ina fata a riƙa kawo su irin wannan ɗaki su ga abin da gaɓar nan ke yi wa buhun shinkafa, su kuma ga cewa mai wannan littafi malami ne.

Da aka yi la'asar muka dawo, rana ta juya ta bugi bangon yamma, ɗakin ya ɗau zafi. Ya tsaya bakin ƙofa ya saurara kafin ya shiga. Sannan ya miƙa wa yaron kwanon.

"Ɗebo muna ta shara mu gani. Indararo ya yi ɗumi, ta ƙara gudu."

Yaron ya ɗebo, ya baza a nasa tafin, ya fara turawa da yatsa yana motsa baki. Injiniya bai karɓa ba, bai kuma leƙa ba.

"Farare sun ƙaru, Oga. Kuma na ga baƙa biyu ga mai kyau."

"To mi za ka taɓa?"

Yaron ya yi shiru, ya dubi allon, ya dubi tafinsa. Ya kai yatsa ya rage jinkirin taki ɗaya, ya ja da baya, ya riƙe kwanon yana jiran ta zagayo.